Darasi Daga Jigawar Ɗambatta

Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarci bayinSa, a cikin Suratul Ankabut aya ta 20, da su zaga ƙasa su dubi yadda Ya fara halitta. Manomin Ɗambatta ko Bichi kuwa ba sai ya yi doguwar tafiya ba, domin darasin yana ƙarƙashin garmarsa.

Jigawar nan da yake shuka gero da gyaɗa a kanta, masana ilmin ƙasa sun ce rairayi ne da iska ta tara sa'ad da hamada ta malalo har ƙasar Hausa. Da wancan lokaci ya shuɗe, kimanin shekaru 11,700 ke nan, sai aka shiga zamanin da duniya ke ciki yanzu, wanda suke kira Holosin. Damina ta dawo, ciyawa ta kama yashin, Tafkin Chadi ya batse. Shaida ita ce kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe cikin 1987, mai kimanin shekaru 8,000.

A lissafinsu shekarun duniya sun kai miliyan 4,500. Ashe noma da kafa birane, har da ganuwar Kano, duk a cikin wannan ɗan taƙi aka yi su.

To, amma yashin bai je ko'ina ba, kwance yake kurum. Saiwoyin gawo da ɗorawa, da takin da ake kai masa, su ne suka riƙe shi. Hadisin Buhari da Muslim ya lissafa dashen itace cikin sadaka. Farin 1973 da na 1984 kuwa sun nuna yadda iska ke kwashe gonar da aka bari tsirara.