Gemu Ba Ya Hana Ilimi

Karatun yau: Joshuwa 14:6-13, Luka 14:28-30
Ayar haddacewa: Karin Magana 1:5

Wataƙila ka daɗe da wannan buri a ranka: ka koma makaranta ka yi digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda ake kira MBA. Ka yi addu'a a kansa, har ka taɓa tambayar kuɗin fom. Amma duk ranar da ka tashi daga Ɗankaza ka shiga Wudil, ka ga ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote suna wucewa, sa'annin 'ya'yanka, sai jikinka ya yi sanyi. Wata murya ta ce maka, "Da wannan furfurar za ka zauna a aji? Lokacinka ya wuce." Yau za mu auna wannan murya da Maganar Allah.

1. Wa ya ce lokacinka ya wuce?

Kalibu yana da shekara 40 sa'ad da Musa ya aike shi leƙen asirin ƙasar Kan'ana. Sai da shekara 45 suka wuce kafin ya tsaya gaban Joshuwa, yana da shekara 85, ya roƙi ƙasar tuddai ta Hebron. Ka lura, bai nemi wuri mai sauƙi don tsufansa ba. Wurin da ya nema yana da birane masu garu da ƙattin mutane. Shekarun jira ba su soke alkawarin ba, sun dai ƙara masa sanin hanya.

A zamaninmu ma akwai misali. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya koma karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, bayan ya sauka daga mulki, ya kuma kammala digirin digirgir a ilimin tauhidin Kirista a ƙarshen 2017, yana da shekara 80.

Yanzu yi lissafin naka. A ce shekarunka 48, karatun kuma ya ci shekara biyu. Za ka gama kana da 50. In kai ma'aikacin gwamnati ne, ƙa'idar ritaya ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, don haka mai yiwuwa kana da sauran shekaru da za ka mori ilimin a ofis, sannan ga rayuwa bayan ritaya. Shekara 50 ɗin nan za ta zo, ko ka yi karatu ko ba ka yi ba. Abin da ke hannunka shi ne yadda za ta same ka.

2. Abin da furfura take kawowa aji

Darussan MBA sun ƙunshi lissafin shiga da fitar kuɗi, kula da ma'aikata, tallata kaya, da tsara kasuwanci na dogon lokaci. Matashin da ya fito daga hidimar ƙasa a takarda yake fara gamuwa da su. Kai kuwa ka rayu cikinsu. In ka yi shekaru kana shiga kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a, ka san aikin dillali da la'adarsa, ka san yadda farashi yake tashi in Babbar Sallah ko Kirsimeti ta gabato. In shago kake da shi, ka ɗanɗani zafin bashin da ba a biya ba, ka kuma ga yadda mutum yake cinye jarinsa yana zaton riba yake ci. Makaranta za ta ba wa abin da ka sani suna da tsari, ta nuna maka inda kuɗi yake yoyo.

Inda za ka sha wuya shi ne kwamfuta, rubutun bincike, da zaman jarrabawa bayan shekaru masu yawa. Kada ka ji kunyar cewa ɗanka ko wani matashi a ikilisiya ya koya maka. Tawali'u ma darasi ne.

3. Zauna ka yi lissafi

Bangaskiya ba ta hana lissafi. Ubangiji Yesu ya yi gargaɗi a kan mai ginin da ya sa harsashi ya kasa gamawa, ya zama abin ba'a. Kafin ka sayi fom, bincika waɗannan:

Takardu. Ana neman digiri na farko da takardar hidimar ƙasa, ko takardar yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama. Mai HND yakan fara yin difloma ta gaba da digiri, wato PGD. Nemi cikakkiyar takardar sakamakonka daga tsohuwar makarantarka tun da wuri, domin takan ɗauki lokaci.

Wuri. Jami'ar Bayero a Kano tana da Makarantar Kasuwanci ta Dangote, wadda aka buɗe gininta a 2018. NOUN kuma tana da cibiyar karatu a Kano, tsarinta na karatu daga gida ne. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, sai ka sa kuɗin mota da gajiyar hanya cikin lissafi.

Lokaci. Tambayi ranakun lacca tun kafin ka biya. In suna faɗawa ranar Lahadi, ka zauna da fastonka ku duba yadda sujadarka da hidimarka ba za su mutu ba.

Iyali. Kada kuɗin makarantar 'ya'yanka ko jarin shago ya zama kuɗin digirinka. Zauna da matarka ku amince tukuna. Ke ma 'yar'uwa, wadda kika ajiye karatu don renon yara, wannan kira naki ne. Ku shawarta da maigida, ku raba ayyukan gida.

Dalili. In don a ƙara wa sunanka haruffa ne, bar kuɗinka a aljihu. In kuwa don ka riƙe amanar da Allah ya ba ka da kyau ne, ka ɗauki matasa aiki, ka gyara lissafin ofis ko na ikilisiya, to ka tashi. In lissafin ya nuna bana ba zai yiwu ba, wannan ba faɗuwa ba ce. Sa rana, fara tari.

Tambayoyi don tattaunawa
1. Mene ne ainihin abin da ke tsayar da kai: shekaru, kuɗi, ko tsoron bakin mutane?
2. Wane mataki ɗaya za ka ɗauka kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a
Ya Uba na Sama, kwanakina suna hannunka. Ka cire mini tsoro da kunya. Ka ba ni zuciya irin ta Kalibu, da hikimar yin lissafi kafin in fara. In nufinka ne, ka buɗe ƙofa, ka tanada, ka ba ni ƙarfin gamawa. Cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.