Babi na Shida: Makaɗan Hausa, Tushen Fasaharsu da Tafiyar Sana'arsu

6.0 Gabatarwa

Kiɗa sana'a ce daɗaɗɗiya a ƙasar Hausa, domin da wuya a sami wani sha'ani na rayuwar Bahaushe wanda ba shi da irin nasa kiɗa. Akwai na fada da na noma da na dambe da na farauta da na biki. A wannan babi za a dubi mutanen da suka riƙi kiɗa a matsayin hanyar cin abinci. Za a yi bayanin abubuwan da ke gina fasahar makaɗi, da matakan da yake bi tun yana yaron kiɗa har ya zama ubangidan ƙungiya, da kuma sauye-sauyen da zamani ya kawo wa sana'ar. Ana sa ran bayan kammala darasin ɗalibi zai iya rarrabe makaɗa bisa kayan kiɗansu da iyayen gidansu, ya kuma iya koyar da waƙar baka ba tare da raba ta da kiɗan da aka ɗora ta a kai ba.

6.1 Wane ne Makaɗi?

A luggance, kalmar makaɗi ta samu ne daga aikatau kaɗa, aka yi mata ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar yadda aka sami manomi daga noma, maƙeri daga ƙera. Ke nan asalin ma'anarta shi ne mai buga abin kiɗa. Sai dai Hausawa sun faɗaɗa ma'anar har ta game da shugaban ƙungiya wanda ke rera waƙa, ko da hannunsa bai taɓa ganga ba. Misali, ana kiran Alhaji Mamman Shata makaɗin kalangu, alhali aikinsa rera waƙa ne, yaransa ke kaɗa masa kalangai.

Wannan faɗaɗawar ma'ana tana da illa ga nazari. Sunan jagora ne ke fita, su kuwa waɗanda ke riƙe da gangunan sai su shuɗe ba a san su ba, duk da cewa su ne ke tsare karin da waƙar ke hawa. Saboda haka a wannan babi, duk inda aka ce makaɗi, ana nufin ɓangarorin biyu.

6.2 Kayan Kiɗa da Masu Su

A al'adance kowane abin kiɗa yana da rukunin jama'ar da ake yi wa shi. Tambari na sarki ne, ba a buga wa talaka shi komai dukiyarsa. Kotso da taushi da jauje da banga su ma na fada ne. Kalangu na mahauta ne tun asali, daga nan ya shiga fagen dambe, wasan da mahauta suka yi fice a kansa, kafin ya zama kiɗan jama'a baki ɗaya. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma, talle kuwa na 'yan farauta da 'yan tauri. Mata a cikin gida suna da ƙwarya da shantu. Mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya suna amfani da bandiri wajen zikiri da bege.

Abin lura shi ne, abin kiɗan da mutum ya ɗauka shi ke zaɓa masa iyayen gida, ya shata masa jigogin waƙarsa, ya kuma nuna matsayinsa a tsakanin 'yan uwansa makaɗa. Mai kotso yakan ga kansa sama da mai kalangu, domin shi a zauren sarki yake zama, shi kuwa mai kalangu a kasuwa da dandali.

6.3 Abubuwan da ke Gina Fasahar Makaɗi

(a) Gado da Haye

Makaɗa iri biyu ne ta fuskar shigarsu sana'a: na gado da na haye. Makaɗin gado ya buɗe ido ya ga ana kiɗa a gidansu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, misali ne a nan. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kuma a ƙungiyarsa Musa ya fara amshi tun yana yaro tare da yayansa Abdu Kurna. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa da jikokinsa suka ci gaba da kotso. Haka Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri ya gaji mahaifinsa Aliyu Ɗandawo.

Makaɗin haye kuwa sha'awa ce ta kai shi. Shata ɗan Musawa ne, mahaifinsa ba makaɗi ba ne, kuma ya yi matuƙar ƙin ɗansa ya shiga waƙa. Da tallar goro da alewa ya fara, yana waƙa a dandali, kafin ya rungumi sana'ar gaba ɗaya. Na gado yakan fi riƙo da tsohon salo da sanin asalin mutane. Na haye kuma yakan fi sakewa wajen ƙago sabon abu, tun da babu wani tsari na gida da ya ɗaure shi.

(b) Ubangida da Fada

Makaɗin fada yana da sarki ɗaya da yake yi wa kiɗa, kuma ba ya yi wa wani sai da izininsa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi a zamanin Abubakar na Uku. Sa'idu Faru ya shahara da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. A Jamhuriyar Nijar an yi Ma'azu Ɗan'alalo a fadar Damagaram. Zaman fada yana koya wa makaɗi tarihin gidan sarauta, da sunayen iyaye da kakanni, da sanin 'yan sarkin da ke neman gadon sarauta, waɗanda su ne abin yi wa zambo da habaici. Shi ya sa kiɗan fada ya cika da nauyi da natsuwa, ba a gaggawa a cikinsa.

(c) Muhalli da Karin Harshe

Yankin da makaɗi ya tashi yana bayyana a bakinsa da hannunsa. Mafi yawan fitattun makaɗan kotso da taushi daga ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Kabi suka fito, don haka waƙoƙinsu suke cike da Sakkwatanci da Zamfarci. Muhammadu Bawa Ɗan'anace, wanda ya yi wa ɗan dambe Shago waƙa, da Kassu Zurmi na 'yan tauri, duk sun ɗebo kalmominsu da hotunan maganarsu daga rayuwar karkara: kaka da fatauci da daji da maƙabarta.

(d) Tsarin Sautin Hausa

Wannan shi ne tasirin da aka fi mantawa da shi. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato kowace gaɓa tana ɗauke da sautin sama ko na ƙasa ko faɗau, ga kuma bambancin dogon wasali da gajere. Kalmar kuka mai nufin zubar da hawaye tana da karin sama-sama, ita kuwa kuka ta itaciya sama-ƙasa take. Kalangu ice ne mai siririn ƙugu, an rufe bakinsa biyu da fata, an haɗa fatun da tsarkiya. Idan makaɗi ya matse tsarkiyar a hammatarsa fata takan ɗaure, sauti ya hau. Idan ya sassauta, sauti ya sauka. Ta haka yake kwaikwayon hawa da saukar magana, har mai sauraro ya gane abin da ganga ke faɗa. A kan wannan ne aka gina take, wato gajeren kiɗan da aka keɓe wa wani mutum ko wata sarauta. Ɗan dambe yakan ji takensa daga nesa ya zabura, ba tare da an ambaci sunansa da baki ba. Ashe ke nan, makaɗi ba ya ƙwarewa sai ya ƙware da jin harshensa.

(e) Addini

Malaman jihadin 1804 sun soki kiɗan da ke haɗa maza da mata da wanda ke da alaƙa da bori, amma ba su hana buga ganga don yaƙi ko shela ba. Wannan ra'ayi ya bi makaɗa har zuwa yau. Da yawansu sun yi karatun allo, kuma sukan buɗe waƙa da ambaton Allah da salati, su cusa kalmomin Larabci da nasiha. Haka nan bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, wasu jihohi suka bi sahu, an taƙaita wasu nau'o'in kiɗa a tarukan jama'a, abin da ya taɓa abincin makaɗa da dama.

6.4 Matakan Sana'a

Yaron kiɗa ba ya fara da babbar ganga. Da farko ɗaukar kaya yake yi, yana bin ƙungiya yana saurare. Daga nan a ba shi ƙaramin abin kiɗa irin su kuntuku ko kanzagi, wanda aikinsa riƙe kari ɗaya ba canji. Idan hannunsa ya faɗa, sai a matsar da shi ga babban kalangu ko kotso, a kuma sa shi cikin 'yan amshi. A wannan mataki ne yake koyon gyaran kayan aiki: jeme fata, da ɗaure ta, da ja ko sassauta tsarkiya, da shanya ganga idan damina ta sa ta yi sanyi.

Ƙungiyar makaɗa tana da tsari irin na sarauta. Akwai jagora, akwai mataimakinsa wanda a wasu wurare ake kira Daudun Kiɗa, akwai masu kiɗa da 'yan amshi, sannan akwai sanƙira mai yi wa jama'a fashin baƙin waƙa da sanar da kyautar da aka bayar. A fada kuma ana naɗa sarautu irin su Sarkin Kiɗa da Sarkin Taushi da Sarkin Tambura. Yaro yakan kafa tasa ƙungiya ne idan ubangidansa ya sallame shi, ko ya rasu, ko kuma saɓani ya shiga tsakani, galibi a kan rabon kyauta.

Makaɗi ba shi da albashi. Da kyauta yake rayuwa. A da akan ba shi riga da rawani da doki da damman hatsi, wani lokaci har gida da gona. Daga baya aka shiga ba da mota da kujerar Makka da liƙin kuɗi a wurin biki. Jagora ne ke raba abin da aka samu gwargwadon matsayin kowa. Da yake samun ba shi da tabbas, yawancin makaɗan karkara manoma ne da damina, sai da kaka su fita yawon kiɗa.

Duk da kusancinsu da manya, al'umma ta ajiye makaɗa a ƙasa-ƙasa, tana kiransu maroƙa, har wasu gidaje ba sa ba su aure. Amma kuma ana tsoron bakinsu, domin zambon makaɗi yana iya bin mutum har kabari.

6.5 Zamani da Sauyin Sana'a

Abubuwa huɗu ne suka fi sauya sana'ar kiɗa a ƙarni na ashirin. Na farko siyasar jam'iyyu, wadda ta kankama a shekarun 1950 tsakanin NPC da NEPU, ta samar wa makaɗa sababbin iyayen gida. Ɗanƙwairo kansa ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙoƙi. Na biyu faifan garmaho da rediyo da kaset. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryar makaɗan ƙauye har Gana da Kamaru da Sudan. Gwamnati ma ta yi amfani da su wajen wayar da kan jama'a, kamar lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Na uku raguwar ikon sarakuna, musamman bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya sa makaɗan fada da yawa suka koma yi wa attajirai da 'yan siyasa waƙa.

Na huɗu, wanda ya fi taɓa mai riƙe da ganga, shi ne shigowar fiyano da situdiyo. Tun daga shekarun 1990, da bunƙasar finafinan Hausa a Kano, mutum ɗaya yana iya fitar da amon kalangu da na ganga daga na'ura. Mawaƙi ya sami sauƙi, amma makaɗa biyar ko shida da a da za su bi shi sun rasa gurbi. Na'urar kuma ba ta san taken kowa ba.

Ta wani ɓangaren kuma darajar sana'ar ta ƙaru. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dakta a 1988, shekara 11 kafin rasuwarsa a 1999. Adamu Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, ya zaga ƙasashen duniya da kiɗansa. Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da kiɗan ƙwarya daga tsakar gida zuwa manyan taruka. Masana irin su Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun mayar da waƙoƙin makaɗa fagen nazari a jami'o'i.

6.6 Abin da ya Rataya a Wuyan Malami

Malamin da ya rubuta baitocin waƙar baka a allo ya tsaya nan, rabin darasi ya koyar. Ya kamata ya sa ɗalibai su saurari waƙar, su faɗi abin kiɗan da suka ji, su lura da inda jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa. Idan akwai makaɗi a garin, a gayyato shi ya kaɗa take a gaban aji, ɗalibai su gwada shi da karin sautin kalmomin. Wajibi ne kuma malami ya kula da harshensa, domin a cikin ajin ana iya samun ɗan makaɗi. Idan ya ji ana wulaƙanta sana'ar gidansu zai ɓoye abin da ya sani, alhali shi ne ya fi kowa abin faɗa a wannan darasi.

6.7 Kammalawa

An ga cewa fasahar makaɗi tana ginuwa ne daga gado ko sha'awa, da ubangida, da muhalli, da tsarin sautin harshe, da addini. An kuma ga matakan da yake hawa, da yadda siyasa da rediyo da na'ura suka sauya masa hanyar cin abinci. Waƙoƙin manyan makaɗa suna nan a faifai da kaset, amma sanin take da gyaran ganga a hannun tsofaffi yake, kuma ba a rubuta mafi yawansa ba.

Auna Fahimta

1. Bambanta makaɗin gado da na haye, tare da misali ɗaya-ɗaya.
2. Kawo kayan kiɗa biyar da rukunin jama'ar da ake yi wa kowanne.
3. Yi bayanin dangantakar karin sautin Hausa da kiɗan kalangu.
4. Ta wace hanya fiyano ya shafi mai kaɗa ganga fiye da mai rera waƙa?

Aikin Gida

Ɗalibi ya ziyarci wani makaɗi a yankinsu, ya rubuto yadda ya koyi kiɗa, da sunayen sassan gangarsa, da take uku da yake kaɗawa tare da masu su.