Darasi na 14: Ciwon da Ake Jin Kunyar Faɗa

Jama'ar ajin Ƙofar Na'isa, yau za mu karanta labarin cututtukan da ake ɗauka ta wajen saduwar namiji da mace. Mun san magana ce mai nauyi, amma kunya ba ta warkar da ciwo.

Manya daga cikinsu uku ne: ciwon sanyi, da tunjere, da ƙanjamau.

Ciwon sanyi yakan sa namiji ya ji zafi wajen fitsari, ya ga mugunya tana fita. Mace kuwa sau da yawa ba ta jin kome, har ciwon ya toshe mata hanyar haihuwa. Tunjere yakan fara da ɗan gyambo marar zafi. Gyambon ya warke da kansa, mutum ya ce ya rabu da shi, alhali kuwa ciwon ya shiga jini. In mai ciki tana da shi, tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai. Tun 1943 likitoci suka gane allurar fanisilin tana kashe shi. Ƙanjamau kuwa, a 1986 aka fara ba da labarinsa a Nijeriya. Ba a warkewa daga gare shi, amma akwai maganin da ke danne shi, mutum ya yi shekaru yana sana'arsa.

To, yaya gari zai tsare kansa?

Na farko, wanda ya ga alama ya tafi asibiti, kamar Asibitin Murtala da ke nan cikin birni. Kada ya sayi ƙwaya biyu a kemis ya ce ya gama. Maganin da ba a sha daidai ba shi ke sa ciwon sanyi ya daina jin magani.

Na biyu, a yi wa miji da matansa magani tare. In maigida ya warke shi kaɗai, uwargida da amarya ba su sani ba, ciwon zai komo masa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Na uku, mai ciki ta riƙa zuwa awo, a duba jininta, don a tsare jariri.

Na huɗu, gwaji kafin aure. A 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta ce sai ango da amarya sun yi gwajin jini, har da na ƙanjamau da ciwon hanta, kafin a ɗaura aure.

Na biyar, mutum ya tsaya ga iyalinsa. Wanzami kuma ya sa sabuwar reza ga kowane kai, gama ƙanjamau yana bin jini.

Kada mu yi wa mai ciwo gori. Wanda ya ji tsoron bakin mutane ɓoyewa zai yi, ciwon da aka ɓoye kuwa shi ke yaɗuwa.

Tambayoyi
1. Don me ake yi wa miji da matansa magani tare?
2. Wace ɓarna tunjere ke yi wa mai ciki?
3. Rubuta wannan a littafinka: Rigakafi ya fi magani.