Darasin Halittu a Wuyan Rago

Malamin kimiyya da ke kukan rashin ɗakin gwaji, ga dabarar da ba ta buƙatar komai sai mahauci da tukunya. In za ka koya wa yara dangantakar dabbobi masu shayarwa, sayi wuyan rago sukutum, ka roƙi mahaucin kada ya sassara shi. A dafa har naman ya saki, a jera ƙasusuwan a faifai, yara su ƙirga da kansu. Bakwai za su samu. Sai ka tambaye su nawa ne a wuyan raƙumin dawa, irin waɗanda ke kiwo a Kure kusa da Yamai. Wani zai ce ashirin, wani talatin. Bakwai ne, tsawo kawai kowanne ya ƙara. Na ɓera bakwai, na mutum ma haka.

Ƙafar gaba ce nake so ka fi daɗewa a kanta. Kowane yaro ya shafa hannunsa: ƙashi ɗaya a dantse, biyu daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, ƙanana a wuyan hannu, sannan yatsu. Sayo ƙafar gaban ragon ma, ka ajiye ta a gefe su bi jerin. Abin da muke kira gwiwar rago a ƙafar gaba wuyan hannunsa ne, kuma a kan yatsu biyu yake tsaye. Doki kan ɗaya, na tsakiya. Jemage kuwa yatsunsa huɗu ne suka miƙe, fata ta shimfiɗu a tsakaninsu. Hoto ya isa a nan, kada a kama jemage, yana iya ɗauke da cuta.

Bar su su yi muhawara kan dalilin da tsari ɗaya ke aikin gudu da tashi sama da riƙe alƙalami, kafin ka faɗa musu bayanin masana: gado ne daga tushe guda, kowane reshe ya sauya shi daidai da rayuwarsa. Darwin ya kafa hujja da waɗannan ƙasusuwa a littafinsa na 1859.

Ka ja kunnensu kan yanke hukunci da kamannin waje. Ayu da ke kogin Binuwai da na Neja zubin kifi gare shi, amma iska yake shaƙa, yana shayar da ɗansa, kuma giwa na cikin danginsa na kusa. Ƙasusuwan wuyansa shida ne. Faɗa musu wannan ma, kada su haddace bakwai a matsayin dokar da ba ta da togiya.