Yadda Ake Warware Ƙugu da Natsar da Jiki Bayan Wuni a Gonar Shinkafa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya riƙa bin kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, manomin wannan yanki ya yi sallama da hutun rani. Da can in an cika rumbu, ƙugu kan samu 'yan watanni ya sarara. Yanzu ana kwashe shinkafar damina sai a bi da alkama da tumatir da albasa, kafin a ankara an koma dashe. Aljihu ya ji daɗi, kwankwaso ya ji jiki. Mai dashe a sunkuye yake wuni, ƙafa cikin taɓo, haka mai yanka da lauje, haka matar da ke kan tukunyar turara shinkafa. Da yamma sai ka ga ƙato ya miƙe da ƙyar, hannu dafe da tsatso, yana cewa basir ne ya motsa. Wani ya nemi jiƙo, wani ya bi ta kemis, kuma ta wannan ƙofar tiramol ya shiga aljihun 'yan ƙwadago.

Amma akwai hanyar da ba ta ƙwaya ba. Mutanen Indiya suna da tsohon tsarin horar da jiki da numfashi, yoga. A koyarwarsu, jikin ɗan'adam na da cibiyoyi da suke kira cakra, jere daga ƙarshen ƙashin baya zuwa tsakar ka. Ta ƙasan duka, wadda mutum ke zama a kanta, ita ce Muladhara, suna danganta ta da ƙasa da kafuwa da rashin firgici. Turawa sun san zancen ne galibi ta wani littafi da ya fito a 1919, na John Woodroffe, wani alƙali ɗan Ingila a Kalkata. Likitan da ya buɗe jiki ba zai ga cakra ba, tsoka da jijiya da ƙashi zai tarar. Aƙida ce, kuma ba tamu ba. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda surkullen addinin Hindu da ke gauraye da ita. A 2009 malaman Indunusiya suka hana mai surkullen, suka bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa ta sa ta cikin wasannin motsa jiki a 2017. A wannan shekarar ce kuma wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta lissafa ta cikin abin da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai gwada kafin ya kai ga ƙwaya. Abin da ke tafe a nan ɓangaren jikin ne kawai, babu kiran sunan abin bauta, babu gaida rana.

Masu koyar da yoga a manyan birane sukan ce wa ɗalibansu su tuɓe takalmi su taka ƙasa. In ka gaya wa mutumin Kura haka, dariya zai yi, shi da ya wuni cikin laka har idon sawu. Shi ƙasa ta ishe shi. Abin da ya rasa shi ne miƙewa sosai a kanta. Ga shi kuma ba kowace ƙasa ake takawa babu takalmi ba. Ruwan kanal da na kududdufi suna da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga. Damshin ƙasar da ake bahaya a kai yana da tsutsar da ke huda tafin ƙafa ta je hanji ta sha jini. Saboda haka fara da wanke ƙafa da sabulu, musamman in ka yi feshi ranar. Nemi busasshen wuri sharare, tsakar gida ko gindin darbejiya, ka shimfiɗa tabarma. Lokacin da ya fi shi ne tsakanin la'asar da magariba, kafin tuwon dare, domin ba a yi da cikakken ciki. Minti 15 ya wadatar.

Tsayuwa ce farko, kuma ita aka fi rainawa. Ware ƙafafunka daidai faɗin ƙugu, yatsu na kallon gaba. Tafin ƙafa kamar murhu yake, duwatsu uku ke riƙe da shi: dunduniya, gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Ɗan karkata gaba, ɗan karkata baya, dama da hagu, har ka ji nauyinka ya sauka a kan ukun nan daidai. Ɗaga yatsun duka ka baza su, sannan ka kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Yawancin masu aikin sunkuyo za su tarar nauyinsu ya saba faɗawa kan yatsu, gwiwa a lanƙwashe, haɓa ta yi gaba, wato har a tsaye ma rabin sunkuyo suke. Kada ka sandare gwiwa, bar ta da ɗan laushi. Saki kafaɗu su sauka, ja haɓa baya kaɗan, hannuwa su zubo gefe. Tsaya a haka numfashi 10. Ƙafa za ta iya ɗan rawa, tsokar da ta daɗe ba a tashe ta ba ce.

Daga nan sai ka mayar da bayan inda bai je ba duk wunin. Dafa tsatso da tafin hannu biyu, tura ƙugu gaba, ka gantsare kaɗan kana fitar da numfashi, ka dawo. Sau 5. Sannan ka kwanta rub da ciki, ka dogara da gwiwar hannu, ka ɗaga ƙirji, mara na manne da tabarma. Zauna a haka kamar minti 1. In ciwon ya taru a tsakiyar baya ya ragu a ƙafa, alama ce mai kyau. In kuwa ya zarce cinya ya gangara sha-raɓa, sauka ka bari.

Sai tsugunno. Wannan kam babu wanda zai zo daga Indiya ya koya wa Bahaushe, domin abin da ma'aikacin ofis a Ingila ke shafe watanni yana nema, yaro a Bunkure yana yinsa yana cin rake. Gyaran da za a yi kaɗan ne. Tsugunnon gona baya a ƙobare yake, kai a rataye tsakanin gwiwoyi. Wannan kuwa ƙirji a ɗage. Ware ƙafafu fiye da faɗin ƙugu, yatsu su ɗan kalli waje, sauka a hankali dunduniya na ƙasa. In ta ƙi sauka, naɗe buhu ko tsohon zane ka sa ƙarƙashinta. Sa gwiwoyin hannu a cikin gwiwoyin ƙafa ka ɗan tura su waje, ka miƙe gadon baya. A nan ne za ka ji matsematsi da ƙasan mara sun buɗe, daidai wurin da Indiyawan suka ajiye cibiyar tasu ta ƙasa. Tsokar da ke shimfiɗe a wurin, mai riƙe mafitsara da hanji, takan ɗaure idan mutum ya wuni yana yunƙuri ko yana cikin fargaba. In ka shaƙi iska, bar ta ta saki. Numfashi 8 zuwa 10, sannan ka dafa ƙasa ka tashi. Mai ciwon gwiwa ya riƙe turmi ko ginshiƙin rumfa ya sauka rabi. Mai gwaiwa, da mai juna biyu da cikinta ya tsufa, su tsallake wannan sai sun tambayi ma'aikacin lafiya.

Yanzu kwanta rigingine. Rungumo gwiwoyi zuwa ƙirji, ka ɗan jujjuya dama da hagu. Sauke ƙafafu, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwa a tsaye, ka danna dunduniya ka ɗaga mazaunai sama, ka sauke. Sau 8. Wannan shi ke ƙarfafa tsokar mazaunai, wadda in ta yi rauni sai tsatso ya ɗauki aikinta.

Na ƙarshe shi ne wanda mutane ke gudu, don yana kama da zaman banza. Miƙe ƙafafu, hannu ɗaya a kan cibiya. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4, ka ji ciki ya tashi, ka fitar da ita kana ƙirga 6. Tsawaita fitar numfashi yana rage saurin bugun zuciya, wannan likitoci sun auna sun gani. Mayar da hankali kan wuraren da suka taɓa tabarma: dunduniya, sha-raɓa, mazaunai, kafaɗa, ƙeya. Zuciya za ta gudu, ta tafi farashin kwandon tumatir a Kwanar Gafan, ta tafi bashin taki, ta tafi wanda ya tare maka ruwa a sama ranar da layinka ne. Kada ka yi kokawa da ita, dawo da ita kan dunduniya, ko sau nawa ta tafi. Minti 3 zuwa 5. In za ka tashi, juya gefe tukuna, ka dafa hannu, don kada jiri ya ɗebe ka, musamman mai hawan jini.

Gantsarewar nan ta tsaye, hannu dafe da tsatso, ba sai an jira yamma ba. Duk in ka kai ƙarshen layin dashe, miƙe ka yi ta sau biyu ko uku kafin ka juya.

Akwai ciwon da tabarma ba ta magani. In ƙafa ta mutu ko tana jan ƙasa, in tsakanin cinyoyi ya daina ji, in fitsari ko bayan gida na kufcewa, ko ciwon bayan ya zo da zazzaɓi da rama, asibiti za a nufa ranar, ba gobe ba. Haka jini a ƙarshen fitsari, ga babba ko ga yaron da ke wanka a kanal: ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, galibi tsargiya ce, kuma akwai ƙwayar da ke kashe ta, praziquantel, wadda ake auna wa mutum gwargwadon nauyinsa ko tsayinsa.