Darasin Lissafi Don Manoma: Irin Ne Ya Yi Kyau, Ko Dace Aka Yi?

Kowace shekara, kafin ruwan shuka ya sauka, ana kawo sabon iri kasuwa. Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, ko a Ƙaura Namoda da Zurmi, za a ji mai sayarwa yana cewa irinsa ya fi na gida. Wani manomi kuma ya ce shi ya shuka bara, ya cika rumbu. To, yaya za a gane gaskiya? Darasin wannan wata zai nuna yadda ake ganewa ta hanyar gwaji da ƙirge.

Zaɓen iri ba wasa ba ne

Ƙasar nan ta daɗe da sanin gyaɗa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, aka yi ta ɗaukar gyaɗa da auduga zuwa kudu. A 1975 cutar nan mai sa gyaɗa ta takure, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta lalata kusan hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Bayan haka masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka fitar da ire-iren gyaɗa masu jure cutar. Ɗaya daga cikinsu shi ne SAMNUT 24, wanda aka fitar a 2011.

Ashe akwai sabon iri mai amfani. Amma ba kowane iri ne yake karɓar kowace ƙasa ba, kuma ba duk abin da aka kira sabon iri ne na gaskiya ba. A shekarun nan rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa. Wanda ya zuba irin banza a 'yar gonar da ta rage masa, ya yi asarar abincin shekara.

Gona ɗaya ba ta isa shaida ba

Gona tana iya yin kyau don dalilai da yawa. Wataƙila ruwa ne ya wadata. Wataƙila shanu sun kwana a wurin da rani. Wataƙila an yi noma da wuri. Idan aka dubi gona ɗaya kawai, ba za a iya raba aikin iri da aikin dace ba.

Yadda ake gwajin

1. Manoma biyar su haɗa kai. Gonakinsu su kasance a wurare dabam-dabam.
2. Kowa ya ware fegi biyu kusa da juna, masu girma ɗaya, misali kunya goma-goma masu tsawo ɗaya.
3. A yi ƙuri'a don sanin fegin da za a sa wa sabon iri. A sa ƙwayar wake fara da ja a cikin hula, a zaro ɗaya ba tare da dubawa ba. Fara, fegin dama. Ja, fegin hagu. Wannan zai hana a ba sabon iri wuri mafi kyau.
4. A shuka rana ɗaya, a zuba taki daidai, a yi noma rana ɗaya.
5. Da kaka a shanya amfanin kowane fegi dabam, a auna da tiya ɗaya, a rubuta.

Sai a ƙirga: a gonaki nawa cikin biyar sabon iri ya fi na gida?

Abin da dace kaɗai yake iya yi

A nan lissafi yake shigowa. A fara da ɗauka cewa ire-iren biyu ɗaya ne, babu wanda ya fi wani. In haka ne, a kowace gona ko dai sabo ya zo gaba ko na gida, kamar zaro farin wake ko ja daga hula. Gona ɗaya tana da hanya 2. Gonaki biyar suna da 2 x 2 x 2 x 2 x 2, wato hanya 32. Ga yadda suka rabu:

Sabon iri ya fi a gona 5: hanya 1
Ya fi a gona 4: hanya 5
Ya fi a gona 3: hanya 10
Ya fi a gona 2: hanya 10
Ya fi a gona 1: hanya 5
Bai fi ko'ina ba: hanya 1
Jimla: 32

Wannan jeri yana nuna yadda yiwuwar abu take rabuwa. Tsakiya ta fi yawan faruwa, gefe da gefe kuwa da wuya.

Yanke hukunci

Masana ƙididdiga sun saba da wata ƙa'ida. Idan sakamako ba ya samuwa ta dace sai ƙasa da sau 1 cikin 20, to suna yarda akwai bambanci na gaske.

Idan sabon iri ya fi a gona 3 ko sama, hanyoyin su ne 10 + 5 + 1 = 16 cikin 32. Rabi ke nan. Wannan ba shaida ba ce ko kaɗan.

Idan ya fi a gona 4 ko sama, 5 + 1 = 6 cikin 32. Kusan sau 1 cikin 5 ke nan. Akwai alama, amma ba ta isa ba.

Idan ya fi a duk gonaki 5, hanya 1 ce tak cikin 32. Da wuya dace ya yi haka. A nan ana iya cewa irin ya fi.

Wanda ya sami 4 cikin 5 kada ya ce irin ba shi da kyau. Shaida ce ba ta cika ba. Sai a sake gwaji baɗi da gonaki 10. Idan babu bambanci, samun 9 ko 10 cikin 10 ba ya faruwa sai kusan sau 1 cikin 100.

Daga ina hanyar ta fito?

Wani masanin lissafi mai suna Ronald Fisher ya fara aiki a gonar gwaji ta Rothamsted, a Ingila, a 1919. Shi ya koyar da yin ƙuri'a wajen raba fegi, da maimaita gwaji a wurare da yawa. Da wannan hanya cibiyoyin bincike suke gwada iri kafin su ba manoma. Da ita kuma likitoci suke gwada sabon magani.

A kiyaye waɗannan

A tsayar da yawan gonaki tun kafin shuka. Kada a cire gonar da ba ta yi daɗi ba daga lissafi, don yin haka yaudarar kai ne. A dubi yawan ƙarin da aka samu, a gwama da kuɗin iri. Ƙarin tiya ɗaya ba zai biya iri mai tsada ba. Damina ba ɗaya ba ce, saboda haka gwajin shekara biyu ya fi na shekara ɗaya. A ajiye irin gida har sai an tabbata. A nuna wa malamin gona abin da aka rubuta. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Aikin aji

Ɗalibai su sa farin wake ɗaya da ja ɗaya a hula. A zaro, a mayar, har sau biyar, a rubuta sau nawa fari ya fito. A maimaita haka sau 32. A gwama da jerin da ke sama. Ba lalle ya zo daidai ba, amma zai yi kusa.

Tambayoyi

1. Me ya sa gona ɗaya ba ta isa shaida ba?
2. Mene ne amfanin ƙuri'a wajen raba fegi?
3. Gonaki uku suna da hanya nawa?
4. Sabon iri ya fi a gona 4 cikin 5. Me ya kamata manoman su yi?