Zaren Tiyata da Ba a Cirewa

TAMBAYA: Likita, an yi wa ɗana mai shekara 3 aikin gwaiwa, aka ce ba sai mun koma cire zare ba, wai zai narke da kansa. Kakarsa ta ce zare ruɓewa zai yi a jikin yaro. Yau mako uku, ga wani ɗan ƙulli ya leƙo a bakin ɗinkin. In ja shi? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ki ja shi, kuma ki kwantar wa kakarsa hankali. Wannan zare ba na tela ba ne, don ya narke aka ƙera shi.

A da, da hanjin tumaki ko na shanu ake yin zare mai narkewa. Jiki kan yi faɗa da shi, wurin ya kumbura, kuma da wuya a san ranar da zai saki. A 1970 aka fito da Dexon, na farko da aka haɗa da sinadarai, sai Vicryl ya biyo baya a 1974. Waɗannan ruwan jiki ne ke tsinka su sannu a hankali, jini ya kwashe abin da ya rage, ya fita ta fitsari da numfashi.

Kowane zare da wa'adinsa. Vicryl Rapide, da ake yawan ɗinke kaciya da shi, ƙarfinsa kan ƙare cikin mako biyu, ya ɓace wajen kwana 42. Vicryl kan kai kwana 56 zuwa 70, Monocryl wata uku zuwa huɗu. PDS kuwa yakan yi wata shida, shi ya sa ake sa shi inda nama ke jinkirin haɗewa. Saboda haka ganin zare a mako na uku ba abin tsoro ba ne. Ƙullin da ya leƙo waje ba ya samun ruwan jiki sosai, sai ya yi ta zama har ya faɗi da kansa.

An fi zaɓar wa yara irinsa ne domin a hutar da su. Cire zare daga jikin ɗan shekara uku sai da danniya da kuka, wani lokacin ma sai an sa shi barci.

Ki bar wurin a tsabtace, a bushe. Kada a shafa toka, man zafi ko maganin gargajiya. Idan ƙullin yana sukarsa, ma'aikacin jinya zai datse shi da almakashi mai tsabta. Amma in kika ga ja yana yaɗuwa, ko kumburi, mugunya, zazzaɓi, ko ɗinkin ya buɗe, ki kai shi asibiti a ranar.